Uku Bisa Goma a Bangon Falo

Ƙasa ce mai rufa wa ɗan Adam asiri, haka masu wa'azi suke faɗa. Ta falon Malam dai ba ta halarci wa'azin ba.

Ga ta nan tsirara. An naɗe tsohon kafet an fitar da shi baranda, kujeru suna tsakar gida ƙafafunsu a sama, shi kuma yana tsaye, bayansa manne da bango, hannuwa a baya, irin tsayuwar da ya yi shekara talatin da huɗu a ɗakin jarrabawa. Duba aiki yake yi. Haka ya gaya musu. Ai kowane aiki yana son mai dubawa... Wa ya tambaye shi? Ba wanda ya tambaye shi.

Mai kafet ya durƙusa da wani dogon ƙarfe miƙaƙƙe, ya kwantar da shi a ƙasa, ya kwantar da kuncinsa kusa da shi yana leƙe. Haske yana wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen. Da haske ne kaɗai ma da sauƙi — mutumin ya tura yatsa ɗaya, ya tura biyu, uku, ga tafin hannun gaba ɗaya ya shige, kamar mai laluben mabuɗi a ƙarƙashin gado.

"Baba, wannan ba daɓe ba ne. Kwano ne."

An yi dariya. Babbar 'yarsa ce ta fi kowa, wadda yake kira Uwata, ita ce ta sayo sabon kafet ɗin, kyautar ajiye aiki, mai laushi, ruwan toka, yana can a jingine cikin ledarsa. Har ta ɗaga waya ta ɗauki hoton hannun a ƙarƙashin ƙarfen. Shi ma ya yi dariyar. Tasa ta zo a makare, ta kuma tafi da wuri.

Ba za a shimfiɗa ba sai an cike, in ji mai kafet. In aka ɗora a haka zai yi ta tattarewa, ya riƙa tafiya ƙarƙashin ƙafa, wata shida ya tsufa. Sai an zuba siminti na musamman, mai ruwa-ruwa, wanda yake baje kansa da kansa. Kuma sai an fitar da komai. Komai — har kabad ɗin littattafai.

Ya roƙa. Shi, da furfurarsa, ya roƙa. A zagaye kabad ɗin mana, a yanka kafet ɗin a gefensa, wa zai leƙa? Littattafai ba sa son motsi... Haka ya ce. Malamin lissafi, mataimakin shugaban makaranta mai murabus, ya buɗe baki a gaban matarsa da 'yarsa da baƙi biyu ya ce littattafai ba sa son motsi. Sau huɗu aka yi wa gidan nan fenti, sau huɗu mai fenti ya zagaye kabad ɗin nan ba tare da gardama ba. Masu fenti mutanen kirki ne. Wannan kuwa, shi da abokin aikinsa suka kwashe littattafan, suka ce bismillah, suka ciccibe. Sai ga wani faffaɗan wuri a bango, filasta zalla, bai taɓa ganin fenti ba. Taku biyu Malam ya yi, da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa ta, ya tsaya a gabansa.

Shi ke nan dalilin duba aikin.

Ba sai ya juya ba. Ya san abin da ke bayansa kamar yadda ya san bakwai sau takwas. Akwai layin fensir, siriri, miƙaƙƙe, daidai ƙugu. Wannan na magini ne. Sai a ƙarƙashinsa...

Tiyo. Wani dogon tiyon roba da ake hango cikinsa, cike da ruwa, magini yana riƙe da baki ɗaya a jikin bangon ƙofa, lebura yana riƙe da ɗaya a wancan bangon. Inda ruwa ya tsaya, a ɗiga fensir. Shi ke nan kayan awon nasa. Gidan da mutum ya yi shekara tara yana mafarkinsa, a auna masa shi da abin ba shuka ruwa? Ya yi magana — a hankali ya yi ta, ya rantse a hankali ya yi — ya ce ko za a nemo abin awo na gaske. Magini ko ɗagowa bai yi ba.

"Malam, ruwa ba ya son kai. Inda ya tsaya nan, nan zai tsaya can. Bai yi makaranta ba, amma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba."

Uwar yara tana bakin ƙofa da tulun ruwan ma'aikata, da cikin autansu wata bakwai. Ta yi dariya. Ƙarama. Ta hanci ma ta fito. Da ba ta yi ba... a'a. A'a. Kada ya ɗora mata. Ya ɗora wa mutum ɗaya shekara ashirin da shida, ya isa, ba sai ya nemo na biyu ba.

Abin da ya fi ciwo — ya sani. Ba jahilci ba ne, jahilci ai uzuri ne. Yana cikin littafin kimiyya na aji ɗaya, har da zane, kwalabe huɗu masu siffa daban-daban an haɗe su ta ƙasa, ruwa ya tsaya daidai a cikin kowacce. Ya taɓa riƙe wa abokin aiki ajin, ya koyar da darasin da bakinsa, yara suka tafa. Amma a littafi abu ne mai mutunci. A hannun mutumin da yake rubuta huɗu a juye kuwa...

"Malam, za ka sha shayi ko kana kan aiki?"

Uwar yara ce. Yana kan aiki. Ta dube shi, ta dubi gefen kafaɗarsa inda filastan ya leƙo, ta koma kicin. Matar nan ta ƙware a rashin cewa komai, da ana ba da takardar shaida a kai da tuni tana koyarwa a jami'a.

Ita ce fa ta riƙe zaren.

Ranar Asabar ce, magini ya tafi duba ɗan'uwansa da ba shi da lafiya, sai Litinin. Malam ya ɗauko rular allo daga makaranta, ta katako, mita ɗaya cif, da zare, da jan biro. Ya fara daga dokin ƙofa, mita bayan mita, yana ɗiga, yana ƙara gaba, ita tana riƙe da bakin zaren tana sauya ƙafa saboda nauyin ciki. Da ya iso bangon nan sai ya ga ɗigonsa ya sauka ƙasa da layin magini. Santimita biyar. Wane irin daɗi ne wannan! Bai ji irinsa ba ko ranar da aka ba shi digiri. Biyar! Ya soke layin fensir ɗin da jan biro. Biro ba ya son filasta, sai da ya maimaita sau uku, ya danna har ya karce bangon. Ya ja nasa layin a ƙasa. Ya rubuta, da manyan baƙaƙe: KUSKURE. A SAKE. Sannan — wasa ne fa, don ta ƙara yin dariya, a wannan karon tare da shi — ya ba shi maki. Uku bisa goma, ya zagaye. Hannu kuma da abin da ya saba: ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Ba ta yi dariyar ba. Ta ce ko a jira Litinin.

Bai jira ba. Ya samo leburori biyu a bakin titi, suka kwaɓa, suka zuba, yana tsaye yana nuna musu jan layi. Suka bi shi sau da ƙafa, bayin Allah. Ba a taɓa yi masa biyayya irin ta ranar ba.

Rular ce ta yi ciki. Ta sha damina a jikin tagar aji ta lanƙwashe, kaɗan, yadda ido ba zai kama ba sai an tara kuskuren mita shida wuri ɗaya. Wata yarinya ce 'yar layin gaba ta gaya masa bayan wata biyu, yana jan layi a allo. Malam, layin ya yi tumbi. Ya ce ta fuskanci aikinta.

Amma ai tun Litinin ɗin ya sani. Magini ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi daɓen, ya dubi bangon. Ba ya karatu, amma jan biro ba ya buƙatar tafinta. Ya karɓi kofin ruwa a hannun uwar yara, bai sha ba, ya tsiyaya a ƙasa. Ruwan ya yi ɗan tunani, sannan ya kama hanya, a natse, kamar wanda ya san gidan, ya tafi ya kwanta a gindin bangon nan. Su uku suna kallo. Magini ya naɗe tiyonsa a kafaɗa.

"Allah ya sanya albarka, Malam."

Da zagi ya yi. Da ya yi zagi da an wuce wurin, an rama, an shirya, an manta. Wane irin mutum ne za a soke masa aiki ya sa albarka?

Mai kafet yana shara yanzu, yana kankare busasshen gam, ƙura tana tashi. Abokin aikinsa yana shigo da buhuna. Uwata ta leƙo da waya a kunne, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Baba, ka ji mutumin nan wai har yanzu ɗan Mai Tiyo yake so ya yi mana ginin. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yau zan tura masa hoto ya gani da idonsa, da yamma a ba yaron haƙuri."

Mijinta take nufi. Sun sami fili, za su fara gini, kowa yana yabon ɗan maginin, an ce aikinsa kamar a lasa. Da yamma za a ba shi amsa. Da yamma... yau ke nan. Malam ya gyaɗa kai. Ko kuwa wuyansa ne ya gaji? Ta ɗauka gyaɗawa ce, ta koma.

Mai Tiyo. Shi ya raɗa masa. Har unguwa ta manta sunan da uwarsa ta sani.

Ba da niyya aka fara ba. Wannan dai gaskiya ne, in har ya rage masa wata. Yayansa ne ya zo ganin sabon gida, aka ajiye masa shayi a kan tebur, shayin ya karkata a cikin kofi kamar yana sauraron hira. Wa ya yi maka wannan daɓen? Wani magini. Kalma biyu. Ai ba a ce ƙarya da kalma biyu ba, ƙarya sai da tsari... Yaya ya yi tsaki, ya ce ma'aikatan yanzu sai addu'a, hira ta wuce. Ya ji sanyi a ransa. Ashe haka abin yake da sauƙi?

Sai lemo ya shigo. Wa ya fara kawo lemon? Ɗaya daga cikin yaran ne ya yar da shi, ya gangara, baƙi suka yi dariya, shi ke nan ya zama wasan gidan. Duk baƙon da ya zo, a ɗauko lemo, a ajiye a bakin ƙofa, a sake shi. Ya tafi, ya tafi, ko a kan kafet ba ya fasawa, ya je ya daki ƙafar kabad. Sannan labari. Yadda mutumin ya zo da tiyo. Yadda yake kanne ido ɗaya yana hangen ruwa. Malam har muryar yake kwaikwaya, da ɗan ɗingishin, ruwa ba ya son kai, Malam — falo ya kwashe da dariya. Ya iya ba da labari, kowa ya shaida. Shekara bayan shekara labarin yana ƙiba, tiyon yana ƙara tsawo, har aka sami kwaɗo a cikinsa.

Daidai wurin kwaɗon uwar yara take tashi ta duba abin da ke kan wuta. Kullum. Ko babu komai a kan wutar... Yanzu ya lura? Yanzu, da bayansa a bango? Shekara ashirin da shida mace tana fita daga ɗaki a kan jimla ɗaya, shi yana cewa ba ta da sha'awar barkwanci.

Da a falo abin ya tsaya.

Makaranta za ta gina babban ɗakin taro. Kwamiti ya zauna, sunan magini yana sama, shugaba ya juyo — Malam, ai ya yi maka aiki, me ka gani? Bai ce komai ba. Allah shaida, bai ce komai ba. Cewa ya yi su biyo su sha shayi a gidansa bayan taro. Mutum biyar suka zo. Ya ɗauko lemo.

Aka ba wani. Rufin wancan ɗin ya yi yoyo tun daminar farko, amma wannan ba ya cikin lissafi, ba a rage laifi da laifi.

Mai Tiyo kuma yana nan. Da ya mutu ma... astagfirullah. Yana nan ƙarshen layi, a kan benci, ƙofar shagon ɗansa, idanu sun yi hazo, sanda tsakanin gwiwoyi. Da taku yake gane mutane. Kullum da safe: Malam, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya hutu? Bai taɓa fashi ba. Bai taɓa cewa ya daɓe ba. Malam yana amsawa da fara'a, har yakan tsaya ya tambayi idon. Mutum mai kirki, Malam. Yana gaida na ƙasa da shi.

"Baba, ɗan matsa kaɗan."

Me? Mai kafet ya kafa wata 'yar na'ura a kan ƙafafu uku, ta fitar da koren haske siriri, ya zagaye ɗakin gaba ɗaya a miƙe, bango zuwa bango. Ya bi ta kan fenti, ya bi ta kan taga, ya zo ya ratsa cikin rigar Malam daidai cibiya. An raba shi biyu. Sama malami, ƙasa mai laifi.

Zai iya cewa jiri yake ji. Zai iya cewa... me? Bangon yana son a jingina?

"Malam, matsa mana, ka tare wa mutum layi."

Daga kicin uwar yara ta faɗa, ko leƙowa ba ta yi ba. Uwata tana tsakar gida, ana jin muryarta tana gardama da waya. Yanzu ko ba yanzu ba. Ya matsa. Ƙafa ɗaya, sannan ɗayar.

Koren hasken ya faɗa kan filasta. Ya hau kan layin fensir ya kwanta, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar dama gadonsa ne. Ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba.

Mai kafet ya matso, ya duƙa, ya shafa da babban yatsa.

"Ikon Allah. Wanda ya ja wannan ya san aikinsa. Da shi aka bi ai da..."

Idonsa ya sauka ƙasa kaɗan. Yana karatu, wannan. Leɓensa yana motsi. Kuskure. A sake. Ya dubi da'irar da abin da ke cikinta, ya dubi sa hannun, ya dubi jan layin, ya bi shi da ido har ƙasa inda daɓen ya yi masa biyayya. Sannan ya ɗago. Ba fuskar Malam ya duba ba. Aljihun gaban riga ya duba.

Jan biro. Wata takwas da ajiye aiki, ba takarda ɗaya da ta rage a duniya da ke jiran makinsa, amma kullum da safe sai ya soke shi a aljihu kamar mai tafiya yaƙi.

Da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ba za ta tsage ba. Iyakar abin da za ta iya yi masa santimita biyar ne, ta kuma riga ta yi.

Mutumin ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. Ya fita baranda, ya yago ledar da aka naɗo sabon kafet, ya dawo da salatif. Ya rufe wurin, kusurwa huɗu, ya danna da tafin hannu.

"Kada siminti ya fantsama ya ɓata bango," ya ce wa abokin aikinsa.

Ɗaki guda mai fenti ruwan madara, bai rufe ko'ina ba sai inda ba fenti. Abokin bai tambaya ba. Su haka suke ne? Wata ƙungiya gare su da suke rantsuwa a kan rufa wa masu ilimi asiri? Na farko ya sa albarka, na biyu ya sa leda. Shi da ya yi shekaru yana karanto makin yara da ƙarfi a gaban aji, daga na ƙasa zuwa na sama, wai don su ji kunya su gyara...

Injin kwaɓi yana kuka a cikin bokiti. Abin ya fito ruwa-ruwa, toka-toka, aka tuntsurar. Ba wanda ya nuna masa hanya. Ya yi ɗan tunani, ya kama tafiya, a natse, ya nufi gindin bango. Buhu na biyu. Na uku. Kwarin yana sha kamar wanda ya kwana da ƙishi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne — nasa ba zurfi, faɗi gare shi, ya ci buhu biyar yana neman ƙari. Mai kafet yana ja da baya yana bin sa da wani abu mai haƙora, har ya kai ƙofa, ya fita da baya. Ɗakin ya kwanta lumui, yana sheƙi, taga tana kallon fuskarta a ciki. Daidai. Karo na farko tun da aka gina shi.

Ruwa ne dai ya sake yin aikin.

"Kada kowa ya taka sai bayan la'asar. Ko kyanwa. Ya fara kamawa, in aka taɓa shi yanzu ba ya komawa."

Masu kafet sun tafi cin abinci. Malam ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar falo, wai gadin kyanwa. Ba su da kyanwa.

To. Sai a faɗa. Jimla ce kawai, ya gina dubbai. Uwata, akwai ɗan ƙarin bayani game da... a'a, kamar sanarwar makaranta. Uwata, ita gaskiya fuska biyu gare ta... ƙarya, ɗaya ce, kuma an ba ta uku bisa goma. Uwata, ni ne. Kalma biyu. Da biyu aka shiga, da biyu za a fita, lissafi ya tashi daidai. To me ya riƙe harshen? Yarinyar da ta yi gardama da malamin ajinsu tana shekara tara, ta ce babanta ya ce ba haka ba ne, babanta kuwa ba ya kuskure. Yarinyar da ta ba da labarin tiyo a gidan surukanta, da kwaɗon da komai, ta dawo tana cewa Baba, sun yi dariya har da hawaye. Ita zai duba ya ce... Ba sai yau ba. A bari kafet ya kwanta, a mayar da kabad, sai wata rana cikin natsuwa. Ya sami mijin a gefe ya ce a gwada yaron, ai ba a kama ɗa da laifin uba. Ka ji adalci. Har a yaba masa. Malam mai yafiya, ya yafe wa mutumin da bai yi masa komai ba.

Da yamma za a ba yaron haƙuri. Yamma ba ta da nisa, inuwar baranda ta fara juyawa.

Wani ɗan sauti. Ƙaramin ɓas.

Salatif ba ya kama ƙura. Wannan ma yana cikin wani littafin. Kusurwar sama ta hagu ta saki, ledar ta sunkuyo a hankali kamar mai gaisuwa. Ga saman da'irar. Ga kan ukun, ja, bai koɗe ba ko kaɗan — biron zamanin da, ba irin na yanzu ba.

"Mama, bari in ɗauko hoto na biyu, a ga yawan simintin da ramin ya sha. In haɗa in tura masa gaba ɗaya."

Uwata ce. Ƙarar kwano a kicin. Ruwan famfo, tana wanke hannu.

Hanya biyu ce. Ya buɗe baki, ko ya danna salatif. Mutum mai hankali, mai digiri, mai jikoki huɗu, zai zauna ya auna... Ƙafafun ba su jira taron ba. Sanyi. Laushi. Abin yana kama silifas yana saki da ɗan tsotso, yana kamawa yana saki, yana ƙara zurfi yayin da bangon ke matsowa. Ya kai. Ya danna kusurwar da babban yatsa. Ta ƙi. Ya ƙara dannawa, ta dama ta saki, na ƙasa suka ga ba amfanin zama — ledar gaba ɗaya ta zo hannunsa.

Bai taɓa ganin layin kusa haka ba. Ranar Asabar ɗin ma ba kallonsa ya yi ba, neman laifinsa ya yi. Siriri ne. Ba inda hannun ya yi rawa. A ƙarshensa akwai wata 'yar alama kamar ƙafar kaza, irin ta wanda ba shi da sa hannu amma yana so a san ya wuce ta nan. Jan biron ya bi ta kanta sau uku.

Ba motsi a bayansa. Irin shirun da aji yake yi in shugaba ya shigo.

Ya juya, iya wuya, ƙafafun sun ƙi. Uwata tana bakin ƙofa, waya a ɗage. Ba shi take kallo ba. Leɓenta yana motsi, ita ma. Ta san rubutun. A kansa ta koyi karatu, shi ne a ƙasan kowace takardar sakamakonta, wannan sa hannun mai jela, wannan bakwai ɗin mai ɗamara a cikin kwanan wata.

"Baba..."

Ba tambaya ba ce. Da tambaya ce da ya san yadda ake yi da ita. Wayar ta yi ƙas — bangon ta ɗauka, ko shi, ko yatsa ne ya zame? Wa za a tura wa? Benci yana ƙarshen layi, taku ɗari biyu, gobe da safe za a ce Malam an tashi lafiya, kuma sai ya... ya gaji. Gwiwar, da wuyan, da wani wuri da likita bai duba ba. Leda a hannu ɗaya, sanyi yana hawa ta tsakanin yatsun ƙafa. Ya buɗe baki. Kalma biyu ce. Ya ɗaga ƙafa zai nufo ta, ko a faɗe ta daga kusa.

Uwar yara ta leƙo ta kafaɗar 'yarta, tana goge hannu da tsumma. Ta dubi bangon kamar tsohuwar maƙwabciya, ta dubi ƙasa.

"Tsaya inda kake, Malam, har mutanen su dawo. In ka tako sai su zama goma sha biyu."

Ya duba. Sawu shida ne daga ƙofa zuwa inda yake. Lissafinta daidai ne.